Yadda Za Ka Karanta Tsohon Teku a Dutsen Farar Ƙasar Sakkwato

Simintin da ake yi a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, daga dutsen farar ƙasa ake yin sa, shi kuwa wannan dutse tarin ɓawon halittun teku ne da lakar da suka mutu a cikinta. Yau tsakanin Sakkwato da gaɓar teku akwai fiye da kilomita 700, amma kimanin shekara miliyan 56 zuwa 60 da suka wuce ruwan gishiri ne kwance a wurin. Wani reshe ne na tsohon tekun Tetis ya gangaro daga arewa, ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya bi ta Mali da Nijar har ya iso nan. Ba sau ɗaya ya zo ba. Ya shigo ya janye, ya sake shigowa, kuma kowane zuwa ya bar shimfiɗarsa ta laka ko yashi ko farar ƙasa.

Kowa na iya tsintar katantanwar dutse a bakin kwazazzabo ya jefa aljihu. Amma burbushi, wato ragowar halittar da ta zama dutse, in aka raba shi da shimfiɗarsa ba tare da an rubuta inda ya fito ba, ya rasa mafi yawan amfaninsa. Wannan jagora na wanda yake son ya tsinta ne kuma ya fahimci abin da ya tsinta: ɗalibi, ko malamin makaranta da ke son fita da yara, ko manomin da garmarsa take ta tono masa abubuwan da bai san kansu ba.

Mataki na farko: san jerin shimfiɗun kafin ka bar gida

Duwatsun da ruwa ya kwantar kamar tabarmi suke da aka jibge ɗaya bisa ɗaya: wadda aka fara shimfiɗawa ita ce a ƙasa. A yankin Sakkwato shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, saboda haka wanda ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato yana barin tsofaffin duwatsu ne yana hawa kan sababbi. Masana sun raɗa wa kowace shimfiɗa sunan garin da ta fi bayyana, kuma ya kamata ka haddace su a jere daga ƙasa zuwa sama.

Ta Taloka farin yashi ne mai laushi da laka, irin abin da ke taruwa a bakin teku inda ruwa ke hawa yana sauka. Bisa ita akwai ta Dukamaje, laka mai duhu da ɗan farar ƙasa a tsakiya, wadda take sirancewa idan an yi kudu har ta ɓace. Sai ta Wurno, wadda ta yi kama da ta Taloka ƙwarai. Waɗannan uku na ƙarshen zamanin Kiretashiyos ne, tsakanin shekara miliyan 72 da 66 da suka wuce. Daga nan sai ta Dange, laka mai launin toka ko rawaya da ke ɓarewa falle-falle. Sai ta Kalambaina, wato farar ƙasar kanta. Sai ta Gamba, wata lakar mai falle-falle a bisa farar ƙasa. Waɗannan ukun na zamanin Faliyosin ne, wanda ya biyo baya. A can sama akwai ta Gwandu, yashi da yumɓu na koguna da tafkuna, bayan teku ya tafi ke nan bai dawo ba, sannan jan dutsen marmara ya rufe kan tuddai.

Iyakar da ke tsakanin rukunin farko da na biyu ita ce mafi girma a duk jerin. A wannan lokaci, shekara miliyan 66 da suka wuce, aka yi gagarumar halakar da ta shafe dinoso, wato manyan dabbobin dā masu kama da ƙadangaru, da manyan ƙadangarun teku da wasu halittu masu yawa. Abin da za ka samu a ƙasan iyakar daban yake da na samanta, kuma za mu yi aiki da wannan nan gaba.

Mataki na biyu: zaɓi wuri da lokaci, ka nemi izini

Zaizaya ce take yi maka tono. Nemi inda ruwa ko mutane suka yanke ƙasa: bakin kwazazzabo, gangaren tudu, inda aka fasa tudu don hanyar mota, tsohon ramin ɗibar dutse, da tulin ƙasar da masu haƙar rijiya suka fitar. Kada ka raina wannan na ƙarshe. Tun ƙarni na 11 Al-Biruni ya kafa hujja da ɓawon halittun ruwa da ake samu wajen haƙar rijiyoyi cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku. Mai haƙar rijiya ya san zurfin da ya ci karo da fari da inda ya shiga laka, kuma idan ka tambaye shi cikin ladabi zai gaya maka gaba nawa ne.

Gangaren da ke wajen Dange, a kan hanyar Sakkwato zuwa Gusau, wuri ne mai kyau ga mai koyo, domin ana ganin laka a ƙasa da farar ƙasa a bisanta. Kewayen Wurno an daɗe da sanin sa da ƙasusuwan kifi da na kada. Tuddan Goronyo, Taloka, Gilbedi da Dukamaje su ne gidan shimfiɗun Kiretashiyos. A tsallaken iyakar Najeriya da Nijar, duwatsun Adar a jihar Tawa ci gaban waɗannan shimfiɗu ne, kuma farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza 'yar'uwar ta Kalambaina ce.

Sai dai maganar tsaro tana gaba da komai. Sassa da dama na gabashin jihar Sakkwato sun sha fama da 'yan bindiga, kuma babu dutsen da ya kai ran mutum. Tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan makon, ba na bara ba. Idan aka ce kada ka je, kada ka je. In ka isa, fara da gaida mai gari, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san dajin. Baƙon da aka gani yana ƙwanƙwasa duwatsu yana rubutu, nan da nan za a ɗauka zinariya yake nema, shi ya sa gara ka nuna abin da kake tsinta a fili tun farko. Gona kuwa tana da mai ita. Ramin kamfanin siminti kuma ba a shigarsa sai da izini a rubuce da ɗan rakiya, saboda ana fasa dutse da nakiya kuma manyan motoci na kai da kawowa.

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina, daga Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya wanke gangare ya fito da sababbin abubuwa, ƙurar hunturu ba ta rufe su ba tukuna. Fita da sassafe, lokacin da hasken rana ke zuwa a kaikaice yana fito da zanen kowane ɗan dutse. Da tsakar rana farin dutse kashe ido yake yi.

Mataki na uku: kayan aiki

Guduma, kurfi, tabarau na kare ido, tsohon buroshin haƙori, awo na tela ko na kafinta, littafi da biro, alƙalamin maka, tsofaffin jaridu, ledoji, da waya mai ɗaukar hoto da nuna lambobin wuri. Ƙara da ƙaramin gilashin ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo, da 'yar kwalbar binega ko lemun tsami biyu. Takalmi rufaffe, hula, ruwan sha mai yawa. Kada ka juya dutse da hannu kai tsaye; tura shi da guduma tukuna, don kunama da kububuwa a nan suke fakewa.

Mataki na huɗu: kada ka fara da tsinta

Wannan ne matakin da masu zumuɗi suke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. In ka iso, ja da baya ka kalli gangaren gaba ɗaya. Ina launi ya canza? Ina dutse ya fito ya yi baranda, ina kuma ya lotsa ciki? Farar ƙasa ta fi laka tauri, saboda haka takan tsaya ta yi gemu, lakar da ke ƙarƙashinta kuwa ta zube ta yi gangare mai sulɓi. Zana abin da ka gani a littafi ko da zanen bai yi kyau ba, ka ba kowace shimfiɗa lamba daga ƙasa.

Sannan ka fara daga gindi kana hawa. A kowace shimfiɗa, fasa ɗan guntu don ka ga cikinsa, domin bayan dutse rana da ruwa sun sauya masa kama. Auna kaurinta. Murza garinta tsakanin yatsu: in ya yi gurzi, yashi ne, in ya yi santsi, laka ce. Kankare ɗan gari ka ɗiga masa binega ko ruwan lemun tsami, ka duba da gilashi. In ya yi kumfa yana tsiyayar ƙananan ƙwayoyin iska, akwai farar ƙasa a ciki. Ruwan tsamin gida ba shi da ƙarfi, shi ya sa ake gwada shi a kan gari maimakon dunƙulen dutse. Wani abu fari mai ƙyalli kamar gilashi da za ka gani cikin lakar Dange da ta Dukamaje, wanda farce ke iya kartarsa kuma ba ya kumfa, jibsam ne, wanda mutanen yankin ke haƙa suna sayarwa don yin siminti. Kada ka shiga ramukan da suka bari, suna ruftawa. Haka nan kada ka tsaya ƙarƙashin barandar dutse kana dukanta.

Sai ka gama wannan za ka fara neman burbushi, kuma ka raba abin da ka samu gida biyu tun a wurin: wanda ka ciro daga jikin shimfiɗa da hannunka, da wanda ka tsinta a zube a gangare. Na zube daga sama ya gangaro, ba daga ƙasa ba. In ka bi sahunsa kana hawa har inda ya daina bayyana, galibi a nan shimfiɗarsa take.

Mataki na biyar: gane abin da ke hannunka

A farar ƙasar Kalambaina abin da ya fi faranta wa mai nema rai shi ne bushiyar teku. Dunƙule ne mai siffar zuciya, faɗinsa 'yan santimita kaɗan. Goge shi da buroshi ka juya bayansa ga haske: za ka ga zane mai rassa biyar ya fito daga tsakiya, huɗu sun lotsa sosai, na biyar ya bi wani kwari zuwa gaba. Sa gilashi a kan reshe ɗaya, za ka ga ƙananan huji a jere biyu-biyu, ta nan dabbar take fito da 'yan ƙafafunta na numfashi. Sauran jikin cike yake da ƙananan ƙuraje, kowanne gurbin ƙaya ɗaya ne. Juya cikinta, baki na can gaba. Wadda aka fi sani a yankin ita ce Linthia sudanensis, wadda aka fara bayyanawa a rubuce tun 1904.

Za ka samu katantanwa masu murɗe, manya da ƙanana, da masu ɓawo biyu irin ƙumba. Lura da wani abu: yawancinsu babu ɓawon. Abin da ke hannunka lakar da ta cika cikin ɓawon ce ta daskare, ɓawon kuwa ya narke tuntuni. Dalili shi ne ma'adinin da katantanwa ke gina ɓawonta da shi yana saurin narkewa a ruwan ƙarƙashin ƙasa, na kawa (wata mai ɓawo biyu) da na bushiyar teku kuwa ya fi jurewa, shi ya sa su ake samun su da ɓawonsu. Idan ka fasa dutse ka ga dunƙule a ciki da ɗan sarari kewaye da shi, kada ka yar da ɓangaren da ya rufe shi. Zanen bayan ɓawon a jikinsa yake, kuma sau da yawa da shi ake gane irin halittar.

Akwai kuma wani babban ɓawo mai naɗi a fili ɗaya, wanda aka raba cikinsa ɗaki-ɗaki. Nan ne za ka yi aiki da iyakar nan ta shekara miliyan 66. Dubi layukan da suka raba ɗakunan. Idan layin ya tafi sumul da ɗan lanƙwasa, natilas ne, danginsa na nan da rai har yau a tekun Fasifik da na Indiya, kuma shi ake samu a Kalambaina. Idan layin ya yi ƙwalo-ƙwalo, yana shiga yana fita, amonait ne, kuma amonait ba su tsallake waccan halaka ba. Duk inda ka ciro amonait daga jikin dutse, kana ƙasan iyakar. A shimfiɗar Dukamaje akwai irin da ake kira Libycoceras. Da wannan kaɗai mai koyo zai iya sanin zamanin da yake tsaye a kai.

Kada ka manta da ƙanana. Ɗauki guntun farar ƙasa mai laushi ka duba da gilashi, za ka iya ganin wasu 'yan fayafayai masu faɗin milimita kaɗan, masu naɗi a ciki. Ɓawon halittu ne masu ƙwayar rai guda, ana ce musu foraminifera. Ba su da kwarjini, amma masana sun fi dogara da su wajen ƙayyade shekarun dutse fiye da manyan.

A laka kuwa, ta Dange da ta Dukamaje, ƙashi da haƙori ake nema. Haƙoran kifin shak masu tsini da sheƙi; faranta masu layi-layi na bakin dangin kunamar ruwa, waɗanda suke murƙushe ɓawo da su; ƙashin bayan kifi; gutsattsarin ƙoƙon kififiya; haƙoran kada. Ƙashi ana gane shi da 'yan ramuka kamar soso a inda ya karye. Za ka kuma ga wasu dunƙule-dunƙule masu santsi, wasu a murɗe: kashin kifi ne da na sauran dabbobi da ya zama dutse, kuma yana cikin abin da ya sa lakar take da sinadarin fosfet da ake takin zamani da shi.

Ba ƙaramin abu ƙasar nan ta bai wa ilimi ba. A 1930 W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga lardin Sakkwato, sannan a 1972 masanan Italiya da suka yi aiki a yankin Goronyo suka sa masa suna Goronyosaurus. Akwai kada mai suna Sokotosuchus da kififiya mai suna Sokotochelys, dukansu daga shimfiɗar Dukamaje, da wata tsohuwar tarwaɗa daga Wurno, Nigerium wurnoense. Abin takaici ne a ce ana ambaton sunayen garuruwanmu a ɗakunan karatu na duniya, yaran garuruwan kuwa ba a taɓa nuna musu ko haƙori ɗaya an ce ga abin da yake ba.

Mataki na shida: tambayi dutsen wane irin ruwa ne

Yanzu ka haɗa abin da ka gani. Tambaya ta farko, ruwan gishiri ne ko na daɗi? Bushiyar teku da natilas ba sa rayuwa sai a cikakken ruwan teku. Ba sa jure ruwan da kogi ya surka. Samunsu da yawa a Kalambaina shaida ce cewa a lokacin teku ne sosai, a buɗe, mai haɗe da babban teku. Inda ka ga kawa kaɗai sun yi cincirindo babu bushiya ko ɗaya, ka yi zaton bakin gaɓa ne ko inda ruwa biyu suke gauraya.

Ta biyu, zurfi. Manyan foraminifera irin waɗannan masu fayafayai suna zama ne tare da wasu ƙananan tsirrai a jikinsu masu buƙatar hasken rana, don haka ba sa nisa da saman ruwa. Ruwa ne marar zurfi, mai ɗumi, garai-garai. Ita ma farar ƙasar ba ta taruwa da kyau inda koguna ke kwararo da laka. Ke nan sauyin da ka gani a gangaren Dange, daga laka zuwa fari, labari ne na ruwa mai dauɗa da ya koma mai tsabta yayin da teku ya faɗaɗa gaɓa ta yi nisa. Komawar laka a shimfiɗar Gamba kuma alama ce ta cewa al'amarin ya fara juyawa.

Ta uku, ruwan a natse yake ko mai igiya? Dubi masu ɓawo biyu. Idan ɓawon biyu na haɗe a rufe, dabbar ta mutu ne a inda take zaune cikin laka, ba abin da ya motsa ta. Idan ɓawo ɗai-ɗai ne a kife, ruwa ya ɗan kwashe su. Idan gutsattsari ne a cakuɗe, igiya ce ko guguwa ta tara su. Bushiya mai siffar zuciya cikin laka mai taushi take binne kanta, ɓawonta kuma siriri ne, saboda haka samun ta cikakkiya yana nufin ƙasan ruwan ba ya da hayaniya.

Ta huɗu, akwai iska a ƙasan ruwan? Idan ka ga ramuka da hanyoyi sun ratsa dutse kamar an cusa yatsu, tsutsotsi da dangin jatan lande ne suka yi su, kuma ba za su zauna inda babu iskar shaƙa ba. Laka mai duhu da falle-fallenta suka kwanta lafiya babu abin da ya dama su, tana nuna ƙasan ruwan ya yi ƙarancin iska. A irin wannan wuri ƙashi ya fi daɗewa bai lalace ba.

Wajen jibsam sai an yi hattara. Mutane kan yi saurin cewa duk inda yake, teku ne ya ƙafe. Wani lokaci haka ne. Amma in ka ga jijiyoyinsa sun ratsa shimfiɗu a tsaye ko a karkace, sun bi tsaga, to daga baya ya samu, bayan lakar ta riga ta kwanta. Ni a ganina bai kamata mai koyo ya yanke hukunci da alama ɗaya ba ko wace iri ce. Sai biyu ko uku sun yi daidai, sannan ka rubuta ra'ayinka, ka kuma rubuta hujjar kusa da shi.

Mataki na bakwai: lura da abin da zaizaya ta ɓata

Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami da yake samu daga iska da ƙasa, kuma a hankali yana narkar da farar ƙasa. Shi ya sa saman shimfiɗar Kalambaina ba a miƙe yake ba: ramuka ne da kwaruruka da aljihuna cike da jar ƙasa. A wasu wuraren lakar Gamba ta lotsa cikin waɗannan ramuka har ta yi kamar an naɗe ta, wanda bai sani ba sai ya ɗauka motsin ƙasa ne ya lanƙwasa ta, alhali dutsen ƙarƙashinta ne ya narke. Duk abin da ka samu cikin irin wannan aljihu, rubuta shi a matsayin na zube, domin daga sama ya faɗo.

Akwai masu ruɗi kuma. Dunƙulen marmara kan yi siffar ƙwai ko ƙashi. Wani baƙin zane mai rassa a fuskar dutse kan yi kama da ganye, alhali ma'adini ne ya bi tsaga. Ɓawon ƙumbar kogi da na dodon koɗi na yanzu sukan shiga cikin tsakuwa. Su ba su da nauyi, kuma cikinsu ƙasa ce mai zubewa, ba dutse ba. Ƙashin dabbar da ta mutu bara ma ba shi da nauyin wanda ya zama dutse.

Mataki na takwas: rubuta, naɗe, tsabtace

Kafin ka ɗaga komai, ɗauki hotonsa a inda yake, da biro ko awo a gefe don a san girmansa, sannan ka ja baya ka ɗauki gangaren duka. Ba shi lamba. A littafi rubuta lambar, kwanan wata, sunan gari mafi kusa, lambobin wuri daga waya, lambar shimfiɗa, tsayinsa daga gindin gangare, da ko cirowa ka yi ko tsinta. Naɗe kowanne daban a jarida tare da 'yar takarda mai lambarsa. Kada ka haɗa na shimfiɗu biyu a leda ɗaya. Kuma ɗauki kaɗan. Wanda ya kwashe buhu guda ya hana na bayansa, shi ma ba zai iya rubuta bayanin rabinsu ba.

A gida, na farar ƙasa mai tauri ana wanke su da ruwa da buroshi, a cire sauran dutse a hankali da allura ko ƙusa. Kada ka jiƙa su a binega, zai cinye burbushin tare da dutsen. Na laka kuwa, musamman ƙashi, kada ruwa ya taɓa su, domin lakar kumbura take ta wargaje da abin da ke cikinta. A bushe ake goge su. In wani ya karye, ajiye gutsattsarin tare. In dole ne ka manna, yi da ɗan farin gam na kafinta, ba mai kamawa nan take ba wanda ba a iya warware shi. Rubuta lambar a jikin dutsen ta gefen da ba zane.

Mataki na tara: in ka ci karo da babban abu

Idan ka ga ƙasusuwa a jere, ko muƙamuƙi da haƙora, ko ƙoƙon kai, ajiye guduma. Yadda suke kwance shi kansa bayani ne, kuma ciro su yana buƙatar a ƙarfafa su a naɗe da filasta, aikin kwanaki ne na waɗanda suka koya. Ɗauki hoto, rubuta wurin, rufe da ɗan yashi, ka sanar da mai gari, sannan ka kai labari sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya. A Nijar, Jami'ar Abdu Mumuni da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai su ne wuraren zuwa. Kada ka sayar wa dillali, kada kuma ka tsallaka iyaka da shi ba tare da izinin hukuma ba.

Wanda ya saba da shimfiɗun Sakkwato, zai ƙaru ƙwarai in ya gwada su da na wani wuri. Farar ƙasar Ashaka a jihar Gombe ta girme ta Kalambaina nesa ba kusa ba, shekarunta sun kai wajen miliyan 94, kuma cike take da amonait masu ƙiba irin su Vascoceras. Wani zuwan teku ne daban, wanda shi ma ya bar amonait a Damargu wajen Tanut. Ta Ewekoro a jihar Ogun kuwa tsarar ta Kalambaina ce, kuma kamannin wasu ƙananan halittun da ke cikinsu na daga hujjojin da masana ke kafawa cewa ruwan arewa da na kudu sun taɓa haɗuwa. In ka je ɗaya daga cikinsu, tafi da littafin nan naka, ka bi matakan nan daga gindin gangare, ka ci gaba da lambobinka daga inda ka tsaya don kada biyu su zo ɗaya.